Wai da gaske ɓawon lemu na cire gubar ƙarfe a ruwa?

Mai Lemu Farin Gada: Assalamu alaikum jama'ar gida, an tashi lafiya ya sanyi. Dan Allah ina da tambaya ga masu ilimin cikinmu. Kwana uku kenan wata yarinya yar makaranta tana zuwa wajena da buhunta tana kwashe ɓawon lemun da nake fere wa mutane, jiya dai na kasa haƙuri na ce ɗiyata kiwo kike yi ne, ta ce a'a Baba bincike nake yi, wai ɓawon lemu da na ayaba yana tsotse gubar ƙarfe daga ruwan da kamfanoni ke zubarwa. Ni fa na fi shekara 20 da wuƙar nan a hannuna ban taɓa jin haka ba. Na sa yarona ya saka ta a gurup ɗin nan ta zo ta faɗa da bakinta kowa ya ji.

Ɗan Bukuru: Wa alaikumus salam Baba. Gsky ni ban yarda ba, da ɓawon lemu na wannan aikin da tuni yan kasuwa sun saye ɓawon Binuwai kaf. Furojet ne kawai irin na yan makaranta, a rubuta a ɗinke da baƙin bango a jefa a kabad ƙura ta rufe, baɗi wani ya zo ya sake yi da ɓawon kankana, kuɗin iyaye ne ke tafiya.

Maman Yan Biyu: Ikon Allah. In dai gaskiya ne ai mu mun samu sauƙi, rijiyar gidanmu in ruwanta ya kwana a bokiti sai ka ga wani ja-ja ya kwanta a ƙasa, har farin kaya yake ɓata mana. Kenan in dinga jefa ɓawon ayaba a randa?

Ɗalibar Kemistiri: Salamu alaikum iyayena da yayyena, ni ce yarinyar da Baba yake faɗa. Baba ngd da ɓawo Allah ya ƙara kasuwa. Kafin komai Mama dan girman Allah kar ki jefa ɓawo a randa, ruɓewa zai yi ya jawo miki ciwon ciki a banza.
Maganar gaskiya ce amma ba kamar yadda ake ɗauka ba. Ƙarafa irin su dalma da kadmiyum da tagulla in sun narke a ruwa ba a ganinsu, kamar dai yadda gishiri ke ɓacewa, kuma kowace ƙwayarsu tana ɗauke da caji irin na kan batir mai alamar tarawa. Shi kuma ɓawo yana da wani sinadari da ake ce wa fektin, shi ne ake sa wa jam ya yi kauri, a jikinsa akwai wurare birjik masu ɗauke da caji mai alamar ɗebewa. To in an zuba garin ɓawon a ruwan sai ƙarfen ya bi ya manne masa, kusan kamar yadda mayen ƙarfe ke ɗauke ƙusa a cikin yashi, sai a tace garin a cire, ya fita da gubar a jikinsa. An fi samun fektin ɗin a farin nan na ciki mai kama da soso.

Mai Lemu Farin Gada: To ai ɗiyata in farin ne kin yi kuskuren waje, ni koren bayan kawai nake ferewa siriri kamar igiya, farin a jikin lemun yake tafiya, mai sha ya yanke kai ya tsotse ya yar a kwata. Wanda kike kwasa wajena ɗan kaɗan ne farin a jiki.

Ɗalibar Kemistiri: Wlh Baba haka ne, sai da na fara shanya na lura. Shi ya sa yanzu nake bi wajen masu matse lemu a injin suna ba ni ɓarin da suka matse, na ka kuma ina ajiye shi daban dan in gwada in ga bambanci. Yadda nake yi, in wanke kamar sau uku ko huɗu har ruwan ya daina yin rawaya saboda sukari da man da ke jiki, in yayyanka in baza a kan buhu a rana. Da damina na fara sai ya yi min fumfuna gaba ɗaya na zubar, kun san hazon Jos abu baya bushewa, sai yanzu da hunturu ya shigo yake bushewa ƙayau har in ka matsa ya karye. Daga nan in daka in tankaɗe da rariya mai laushi, domin iya laushin garin iya yawan wurin da ƙarfe zai samu ya kama. A leb sai in auna giram 1 in zuba a ruwa mililita 100 wanda mu muka sa masa dalma da kanmu mun san adadinta, a girgiza kamar awa ɗaya ko biyu, a tace da takardar tacewa, sai a kai wa wata na'ura da ke fesa ruwan a cikin harshen wuta ta haska masa fitila ta faɗi nawa ya rage. Kowane gwaji da kuɗinsa, shi ne ma abin da ya fi cin kuɗi ba ɓawon ba.

Ɗan Bukuru: Mililita 100 fa kika ce ƙanwata, rabin kofin shayi. Ni kuma ina maganar kamfanin da ke sako ruwa dare da rana kamar rafi. Buhu nawa na ɓawo za a zuba?

Injiniyan Ruwa Abuja: Tun ɗazu nake karantawa ina wajen aiki. Ɗan Bukuru tambayarka tana kan hanya amma cewar da ka yi ƙarya ne ba daidai ba, abin yana aiki, an gwada shi a ƙasashe da yawa an tabbatar. Sai dai ƙanwata bari in faɗa miki abin da za ki tarar in kin bar leb. Ruwan da kika haɗa ruwa ne tas da ƙarfe ɗaya a ciki. Ruwan kamfani kuwa tarkace ne, ga gishiri ga mai ga rini ga sabulu ga asid ga ƙarfe kala uku ko huɗu, kuma dukkansu rububin wuri ɗaya suke yi a jikin ɓawon, hatta kalsiyum da ba ya cutar da kowa sai ya tare gurbin da dalma za ta zauna. Na biyu tsamin ruwa, in ruwan ya yi tsami sosai asid ɗin ne ke mamaye wuraren, ƙarfen ya wuce abinsa, galibi sai ma'aunin tsami da ake kira pH yana wajen 4 zuwa 6 abin ke kamawa da kyau. Na uku ɗanyen garin ɓawo in ya kwana biyu a tanki kumbura yake ya toshe bututu ya fara wari, ya saki nasa dattin a ruwa, ka cire matsala ɗaya ka saka wata.
Mu a aikace in ruwa ya zo da ƙarfe mai yawa farar ƙasa ake fara zuba masa, irin ta shafen bango, tana kashe tsamin sai ƙarfen ya dunƙule ya kwanta a ƙasa kamar taɓo a kwashe. Ita ke ɗauke kaso mafi yawa kuma tana da arha. Ɗan abin da ya rage wanda ya ƙi kwanciya shi ake bi da gawayin tacewa ko wasu na'urori masu tsada, to a nan ne nake ganin ɓawo zai iya shiga, ba a farko ba.

Injiniyan Ruwa Abuja: Maman Yan Biyu, ja-jan da kike gani a bokiti yawanci tsatsar baƙin ƙarfe ce daga ƙasa, tana ɓata kaya da ɗanɗano amma ba ita ce abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne wanda ba ya canza kala ba ya wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dalma kar ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya ta ruwan sha. In kika lissafa, giram 1 tak ya isa ya kai jarka 4,000 mai lita 25 wannan iyakar. Ido ba zai gane ba, harshe ba zai gane ba, sai gwaji.

Maman Yan Biyu: Innalillahi. To in na tafasa fa ranka ya daɗe? Mu dama tafasawa muke ko mu sa alif.

Anti Nas: A'a yar uwa, tafasawa ƙwayar cuta take kashewa, ƙarfe ba rai gare shi ba balle ya mutu, ruwan ne ma zai ragu ya bar dalmar a tukunya. Ki ci gaba da tafasawa saboda taifod da kwalara amma kar ki ɗauka ya raba ki da dalma, alif ma laka yake kwantarwa ba a dogara da shi a wannan.
Ni duk sanda aka ambaci dalma Zamfara ke faɗo min a rai. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Bagega da Dareta da Yargalma, saboda dutsen zinaren da ake kawowa gida ana dakawa yana da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida, yaro na rarrafe ya sa hannu a baki shikenan. Iyaye na ganin yara na suma suna sanƙarewa ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko iska, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan sabbin kaburburan yara. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zubo sabuwa sannan maganin ya yi amfani. A 2015 aka sake yi a ƙaramar hukumar Rafi a Neja yara 28 suka tafi. Wanda ya rayu ma sau da yawa ƙwaƙwalwa ta taɓu, a kai shi makaranta ya kasa riƙe karatu a dinga dukansa ana cewa daƙiƙi ne alhali guba ce. Kuma ga yaro babu wani adadin dalma a jini da za a ce wannan ba komai. Shi ya sa ni duk mai neman hanyar rage ta ko da ɓawon gyaɗa ne ina tare da shi.

Mai Lemu Farin Gada: Allah ya jiƙan yaran nan ya ba iyayensu haƙuri.

Tsohon Ma'aikacin Fata: Amin. Ni na yi shekaru ina aiki a wani kamfanin jima a Kano kafin in dawo gida Jos, ba zan kama suna ba. Duk wanda ya san Challawa da Sharaɗa da Bompai ya san abin da nake faɗa, kwatar unguwannin nan yau shuɗiya gobe baƙa jibi ja, wari kuwa tun daga titi. Fata in ta fito daga gangar jima shuɗi-shuɗi take fitowa saboda gishirin wani ƙarfe mai suna kurom da ake jima da shi, kuma ba duka fatar ke shanye shi ba, sauran a ruwa yake fita. Inda na yi aiki akwai tankunan tace ruwa an gina su tsaf da injinansu amma wlh ba a kunnawa sai an ji labarin masu dubawa za su zo, saboda dizal da kuɗin magani, ranar sai ka ga an share ko'ina an sa mana safar hannu sabuwa, suna fita a kashe. Ni da hannuna na sha buɗe bawul da daddare, har yau abin na damuna in na tuna a ƙasa akwai masu ban ruwan lambu da masu shayar da shanu. To ɗiyata abin da nake so ki sani, ba rashin dabara ke damunmu ba, wanda ya ƙi kunna injin da ya riga ya saya ba zai bi kasuwa yana tara ɓawo ba.

Ɗan Bukuru: Yauwa Baba ka faɗi abin da ke raina. Tun 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai sa ido kan dokokin muhalli, dokar na nan a rubuce cewa kamfani ya tace ruwansa kafin ya sake. In ana bi da ba mu zo nan muna maganar ɓawo ba. Ni tsorona kar a mayar da nauyin kan talaka, mai kuɗi ya ɓata ruwa a ce mai lambu ya je ya nemo ɓawon ayaba ya gyara.

Ɗalibar Kemistiri: Yaya na yarda da kai a wannan ɗari bisa ɗari, wanda ya ɓata shi zai gyara kuma a bakin bututunsa tun ruwan bai shiga rafi ba, in ya shiga rafi ya bazu ba ɓawon da zai iya. Amma ba manyan kamfanoni kaɗai ke zubar da ƙarfe ba fa. Ka zaga cikin garin nan ka ga masu fasa tsohon batir ɗin mota suna juye ruwansa a ƙasa ya gangara kwata, ga masu fenti ga masu wankin injin ga masu wanke kuza da sauran ma'adinai. Waɗannan ba su da miliyoyin sayen na'ura, ruwansu kuma a rana bai wuce duro ɗaya ko biyu ba. Su nake tunani. In aka samu duro uku a jere, na farko a sa farar ƙasa kamar yadda Injiniya ya ce ya kwana ya kwanta, na biyu yashi, na uku garin ɓawo ko gawayinsa, ai ya fi a juye shi kai tsaye inda yara ke wasa ba takalmi.

Injiniyan Ruwa Abuja: Wannan kam magana ce. A ƙaramin wuri irin haka zan sa hannu. Amma ki mayar da shi gawayi ƙanwata, ki cusa busasshen ɓawon a gwangwani mai murfi da ɗan ƙaramin huji ki gasa ba tare da iska ta shiga sosai ba, zai zama baƙi mara nauyi mai ƙananan ramuka, ba ya ruɓewa ba ya toshe duro kamar ɗanye. Wasu kuma jiƙa garin suke a ruwan soda mai rauni kafin su yi amfani da shi dan ya ƙara kamu. Ki gwada duka ki kwatanta, kuma ki roƙi sufabaizanki ya bar ki ki ɗebo ruwan gaske daga wajen masu batir, ba wanda kuka haɗa kaɗai ba. Ki sa safar hannu ta roba da tabarau, ruwan batir asid ne yana cin fata.

Manomin Rani: Na yi shiru ne ina ji amma yanzu dole in yi magana tunda an fara ambato masu lambu da kuza. Mu nan da ruwan kududdufin kuza muke noman rani tun iyayenmu, kabeji karas latas tumatir koren wake dankalin turawa, shi ake lodawa a Farin Gada a kai Abuja a kai kudu. Ramukan nan Turawa suka haƙa tun farkon shekarun 1900 suka kwashe arziki suka bar mana su a buɗe daga Rayfield har Bukuru har Barikin Ladi, yaranmu nawa suka nutse a ciki, ɗan amfanin da muke samu kenan mu sa injin mu ja ruwa. Yanzu kuma a zo a ce kayanmu guba ne a kashe mana kasuwa? Ni na ci yarana sun ci ga mu nan da ranmu. Dan Allah a dinga tauna magana kafin a rubuta, akwai masu iyali.

Admin: Baba a yi haƙuri, ba wanda ya ce kayanku guba ne, a bi a hankali jama'a.

Injiniyan Ruwa Abuja: Baba Allah ya huci zuciyarka, ni ma kabejin Jos nake ci a gidana. Ba zan ce maka ruwanka na da guba ba kuma ba zan ce ba shi da ita ba tunda ban auna ba, kududdufan nan ba ɗaya suke ba, wani ruwan sama ne kawai ya taru shekara da shekaru, wani kuma har yau ana wanki a bakinsa ko kwatar gari na zuba a ciki. Abin da ya sa muke nacewa a auna shi ne ƙarfe taruwa yake, ba ya kama mutum yau ya faɗi gobe. A Japan an yi haka a yankin Toyama, ma'adinai sun saki kadmiyum a kogin Jinzu manoma na ban ruwan shinkafa da shi shekaru suna ci lafiya lau a ganinsu, daga baya ƙoda ta lalace ƙashi ya yi laushi yana karyewa, mata manya suka fi shan wahala, ciwon ma sunansa daga kukan da suke yi aka samo shi, itai-itai, kamar mu ce wayyo wayyo. Kuma mai noman ne farkon wanda abin ke samu tunda shi ke tsaye a ruwan kullum shi ke cin amfanin.
Wani abu kuma da na fi jin tsoro fiye da ruwan, tokar bola da ake sayowa a zuba a lambu a matsayin taki. Da can bola toka ce da ganye da kashin dabbobi, yanzu kuwa akwai batir ɗin tocila da na waya da gwangwanin fenti da guntun waya duk a ƙone tare. Ko ba za a daina ba a dinga tsince waɗannan kafin a ƙona.

Manomin Rani: Tokar kam muna sa wa, buhun takin zamani ya fi ƙarfinmu. Kuma gsky muna ganin batura a ciki in muna bazawa, mukan tsince mu jefa gefen kunya.

Anti Nas: Baba dan Allah a daina barinsu a gefen kunya, a tara su a wani tsohon galan a rufe nesa da ruwa da yara.

Hajiya Mai Kiwo: Ni tambayata daban ce kuma tun ɗazu ba wanda ya taɓo ta. Ɓawon nan fa ba shara ba ne a wajenmu, na ayaba da na kankana da na abarba har na dankali duk tumaki da awaki ke ci, ni kullum da yamma sai na aika yara wajen masu kayan marmari. To wannan garin da ya gama shan dalma ina za a kai shi? In aka watsa a bola wlh kafin a juya akuya ta lashe, ko kaji su tsattsage, mu sha nono mu ci nama mu ci ƙwai. Ko mai tokar bola ya kwashe ya kai wa Baba lambu. Kenan an ɗauko gubar daga kwata an kawo ta cikin kwano.

Injiniyan Ruwa Abuja: Hajiya Allah ya ƙara basira, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace wuya a duk harkar, kuma rubuce-rubuce da yawa a nan suke yin shiru.

Ɗalibar Kemistiri: Hajiya wlh kin taɓo inda ke hana ni barci. Ƙarfe ba ya ɓacewa, wuri kawai muke canza masa, daga ruwa mai yawa zuwa gari ɗan kaɗan da za a iya riƙewa a hannu. Garin da ya sha dalma ya zama guba shi ma, ba na dabba ba ne ba na taki ba ne. Hanya ɗaya ita ce a wanke shi da asid mai rauni, ƙarfen ya sake shi ya dawo cikin ɗan ruwa kaɗan, garin a sake amfani da shi, a 2011 wasu masana a Brazil sun gwada niƙaƙƙen ɓawon ayaba a kan dalma da tagulla a ruwan kogi suka ga ana iya maimaita shi har sau 11. Amma ko an yi hakan ɗan ruwan nan mai kauri da guba yana nan sai an san inda za a kai shi. Ni a leb akwai jarkar da muke tara irin wannan an rubuta mata alama, amma mai fasa batir a bakin titi fa? Abin da nake tunani shi ne a busar da taɓon da garin a kwaɓa da siminti a yi bulo a binne inda ruwa ba ya kwanciya, siminti na riƙe ƙarfe sosai, ko kuma na dalma a haɗa shi da kayan da ake kaiwa wajen masu narkar da ita da lasisi.

Ɗan Bukuru: A ƙone shi mana kowa ya huta.

Tsohon Ma'aikacin Fata: Kul, kar a soma. Mu an sha gargaɗinmu a kan ƙona guntayen fatar da aka jima da kurom. Kurom iri biyu ne, wanda ake jima da shi da sauƙi, amma wuta na iya juya shi ya koma ɗayan mai kawo ciwon daji. Dalma kuma wani ya bi hayaƙi ka shaƙa wani ya zauna a toka iska ta kwasa.

Ɗan Bukuru: To na ji na janye wannan. Amma har yanzu ina kan bakana, in ba a samu wanda zai bi masu batir ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ya karɓi taɓon ba, wata biyu za su yi su koma juyewa a kwata, mutum na neman na abinci ba zai tsaya kwaɓa siminti ba. Sai dai a bi ta ƙungiyarsu, shugabansu in ya ce a yi za a yi, sun fi jin maganarsa a kan ta jami'in gwamnati. Ni na san wasu a nan wajenmu, in kin shirya ƙanwata zan raka ki mu gaishe su, amma ki zo da duron a gani da ido ba takarda ba.

Ɗalibar Kemistiri: Ngd sosai Yaya, zan zo insha Allah, bari in fara gama na leb in ga wanne ya fi kamu tsakanin ɗanye da gawayi kar in je in faɗa musu abin da ban tabbatar ba.

Hajiya Mai Kiwo: Kuma ki bar mana na ayaba da kankana ɗiyata, ki riƙe na lemu, dama su dabbobin ba su cika son koren bayan nan ba saboda ɗaci.

Maman Yan Biyu: Ni dai yanzu ina zan kai ruwan rijiyarmu a auna min? Akwai masu gyaran batir a bayan layinmu kuma da damina ruwan wajensu ta ƙofarmu yake bi, tunda Anti ta yi maganar Zamfara jikina ya yi sanyi, yan biyun nan yanzu suka fara rarrafe.

Injiniyan Ruwa Abuja: Ki tambaya a sashen kemistiri na jami'a ko wajen hukumar ruwa ta jiha su nuna miki leb mai na'urar auna ƙarafa, ki ce musu dalma da kadmiyum kike so a duba ba ƙwayoyin cuta kaɗai ba, in ba ki faɗa ba na ƙwayoyin cuta za su yi miki. Kafin nan yaran ki ba su ruwan da kika amince da shi, ki ɗaga bakin rijiyar ki rufe, a dinga cire takalmi a ƙofa, ki dinga goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara mai tada ƙura, ki wanke musu hannu kafin su ci abinci.

Anti Nas: In da hali kuma ki kai su asibiti ki faɗa wa likita a fili cewa kuna maƙwabtaka da masu batir, akwai gwajin jini na dalma.

Manomin Rani: Ɗiyata mai bincike, na yi tunani. In na kawo miki ruwan kududdufinmu za ki iya sa shi a na'urar taku? Zan yi magana da sauran mu haɗa kuɗin gwajin, amma sakamakon mu za ki fara kawo wa ba Facebook ba.

Ɗalibar Kemistiri: Baba na yi maka alkawari hannunka zai fara shiga, zan nemi izinin malamina gobe. Ka samu gorar roba mai tsabta ba gwangwani ba kuma ba wadda aka taɓa sa fetur ko maganin feshi ba, ka ɗauraye ta sau uku da ruwan wajen sannan ka cika, ɗaya daga inda bakin tiyon injinku yake ɗaya daga inda ruwan ke fita a lambu, ka rubuta wuri da rana a jiki ka kawo min ranar da ka ɗiba. In za ka iya ka haɗo min da ƙasar kunya cikin leda da ɗan tokar da kuke sa wa.

Mai Lemu Farin Gada: Ya kawo wajena ya ajiye tunda nan yake sauke kaya, ke kuma ki zo ranar Asabar da hantsi motar Gboko za ta sauka, ki taho da buhu biyu, na gaya wa maƙwabcina mai matsewa ya daina zubar da nasa.